Niyyar Babban Kasko

Ni 'yar mace ce, ita 'yar namiji. Uwata da ubanta ciki ɗaya suka fito, saboda haka tun ba mu iya ɗaura zane ba take kirana baiwarta, ni kuwa in ce mata uwargijiya. Haka taubasai suke a wurinmu, wasa ne da aka gada, ba mai jin zafinsa. Ta girme ni da kaɗan. Ta fi ni tsawo, ta fi ni baki, in tana faɗa a tsakar gida har na bakin titi sai ya waiwayo.

Sana'armu ɗaya tun muna da ƙarfinmu. Mu soya gujiya, mu murje, mu fece, mu kai inji, mu dawo mu yi ta juyawa a turmi da ruwan ɗumi har mai ya tsatso. Man mu ɗura a kwalabe, tunkuzar da ta rage mu mulmula mu soya ƙuli-ƙuli. Ni ina Gidan Igwai, can bayan masu shaguna. Ita tana Minanata, a gidan ɗiyarta, tun bayan rasuwar mijinta.

To, in watan Cika-ciki ya kama, aka ci tuwo da wutsiyar ragon layya kowa ya ƙoshi, al'ada ce ɗan mace ya ɗauki tsintsiya ya tafi gidan ɗan namiji, ya share masa ƙofa, a ba shi ɗan abin shara. Yara na yi, manya ma na yi don raha. Ni kam ban taɓa fashi ba.

Wata shekara, muna da ƙuruciya, goyo a bayana goyo a bayanta, na je na share mata ƙofar ɗaki na miƙa hannu. A shekarar nan gidansu ba komai. Kaskon da take suya da shi ma na maƙwabciya ne, sai mai shi ta gama take samu. Ta dubi hannuna, ta dubi ɗakinta, sai ta ce, "Baiwa, bana ba ni da abin ba ki sai magana. Riƙe wagga: in Allah ya kai mu baɗi, za ki iske ni da kasko nawa na kaina."

Na ce, "Magana ake ci?"

Ta ce, "Riƙe dai. Kar ki yar."

Na riƙe. Da shekara ta zagayo na je da tsintsiyata, ban gama shara ba ta fito da kasko sabo ta kife shi a gabana, ta tsaya tana riƙe da ƙugu. Na ce, "Ta cika." Abin ya ba ni sha'awa, na ce ni ma ga tawa, ki riƙe mini. Daga nan ya zame mana ƙa'ida.

Ba mu yi boko ba, allon ma bai yi nisa ba. Abin da muke da shi kunne ne da zuciya. Kowace shekara, bayan shara, mu shimfiɗa tabarma mu biyu kaɗai, kowace ta faɗi niyya biyu. Ɗaya ta kasko, wato inda take so sana'arta ta kai kafin baɗi. Ɗaya ta zuciya, wato abin da take so ta gyara a halinta, ko tsakaninta da mutane, ko tsakaninta da Ubangijinta. Kowace ita ke riƙon niyyar 'yar uwarta. Mai riƙo tana da ikon ta ce "na karɓa", tana da ikon ta ce "ban karɓa ba", in ta ga niyyar ta fi ƙarfin mai ita, ko ta yi ƙanƙanta har da raini. In shekara ta dawo, mai riƙo ce ke maimaita niyyar yadda aka faɗe ta, sannan ta yanke: ko ta cika, ko da saura. Ba mu cewa an kasa. Kuma a kan tabarmar nan ba a ƙarya, ba a rage magana, ba a ƙara mata gishiri. In mun tashi daga kanta mu yi ta zolayar juna har rana ta faɗi. A kanta kuwa, sai gaskiya.

A kan tabarmar nan muka daina sayen gujiya a hannun 'yan sari, muka koma taren motocin ƙauye tun da safe. A kanta na ɗaura niyyar fara ƙulla ƙuli-ƙulina a leda kamar yadda zamani ya zo da shi, aka yi ta ce mini da saura, don ni gani nake abin da aka rufe ba ya kiran mai saye. A kanta ta ɗaura niyyar haddace wata doguwar sura da kunne a makarantar matan unguwa, ta kuwa haddace, ta karanta mini daga farko har ƙarshe ina share hawaye da bakin gyale.

Akwai shekarar da ta ce niyyarta ta zuciya ita ce ta daina faɗa da mai inji.

Na ce, "Ban karɓa ba."

Ta ce, "Don mi?"

Na ce, "Ta fi ƙarfinki. Ki ce dai za ki ƙyale shi ranar Juma'a."

Ta yi dariya har tana riƙe ciki, ta ce to. Ko wannan ɗin ma, da shekara ta zagayo, da saura.

Ana nan, ana nan, tsufa ya zo mana, kowace da ƙofar da ya shigo mata. Ni ta yatsu ya shigo. In sanyi ya taɓa su sai su ƙage, su ƙi miƙewa, sai na daɗe ina gasa su a bakin murhu. Ita kuwa ta kai ya shigo. Da farko ƙananan abubuwa ne. Ta zuba gishiri a tunkuza, ta juya, ta sake zubawa. Ta tambaye ki lafiyar gida, ki amsa, kafin ki kurɓi ruwa ta sake tambaya. Muka yi ta dariya, ina ce mata uwargijiya ta fara lalacewa, bayi za su huta. Ba mu san abin da muke wa dariya ba.

Cika-cikin da ya gabaci wannan duka, tana nan da hankalinta garau, ta ɗaura niyya biyu. Ta kasko, ta ce za ta sayi babban kasko irin na masu abincin biki, ta ninka suyarta, ta riƙa aikawa shagunan Kwalkwalawa inda ɗalibai ke sayen ƙuli-ƙuli su sha gari da shi. Ta zuciya, ta ce za ta je ƙauye ta kwana a gidan ƙanenta, wanda suka daɗe ba sa ga maciji saboda wata maganar gona. Na karɓi duka biyun. Ban ga abin ƙi ba a lokacin.

Shekara ta kusa zagayowa, damina ta zauna, gero ya kai ƙugu a gonakin bayan gari, sai ga ɗiyarta ta yi mini sallama da rana tsaka. Ma'aikaciya ce, ba ta zuwa irin wannan lokaci. Na shimfiɗa mata tabarma ba ta zauna daidai ba, sai ta buɗe jakarta ta fito da zane. Na san zanen. Mai ruwan ganye ne, uwar tana sonsa. Gefensa guda wuta ta cinye, ya yi baƙi ya ƙanƙance.

Ta ce, "Inna, dubi. Na dawo aiki na iske mai na hayaƙi a kasko, wuta ta fara lasar rumfa, 'yar uwarki ko tana ɗaki tana ninke kaya. Ta mance ta aza komi. Zanen ga yana jikinta ya ci wuta, ba ta sani ba."

Na ce, "Inna lillahi."

Ta ce, "Mun ɓoye kasko, ta tahi ta aro na maƙwabta. Mun kai ta asibiti, likita ya ce ciwon tsufa ne, ba ya komawa baya. Na roƙe ta, na durƙusa, na yi kuka. Ta ce ita ta haife ni, ba ni na haife ta ba."

Ta matso kusa da ni ta rage murya, ko da yake ba kowa a gidan sai kaji.

Ta ce, "Maganar tabarmarku kaɗai take ji. In ta tambaye ki mi ta ce bara, ki ce mata ta ɗaura niyyar barin wuta. Ba za ta tuna ba, Inna. Wallahi ba za ta tuna ba. In ta ji daga bakinki za ta bi, kin san ba ta son a ce mata da saura."

Ban ce mata to ba, ban ce mata a'a ba. Na ce ta bar mini zanen.

Yarinyar nan ba mugunta ta kawo ta ba. Tsoro ne, irin tsoron da ke hana mutum haɗiyar abinci a wurin aiki. Kuma dabararta za ta ci, na sani. Kwanakin da suka biyo baya ina suya ina juya maganar. In na faɗi gaskiya, taubashiyata na iya komawa bakin wuta da ƙarfinta, wata rana a kira ni a waya a ce in zo da sauri. In na yi ƙarya, to na ɗauki ajiyar da ta ba ni tana da hankalinta na musanya mata da wata, a ranar da ba ta da ikon ganewa. Na yi salla na roƙi Allah ya nuna mini. Har ranar Cika-ciki ta zo ban san abin da bakina zai faɗa ba.

Ranar an yi ruwa da safe, gari ya yi luf. Na ɗaure tsintsiyata, na sa zanen nan a ƙasan jaka, na hau keke mai ƙafa uku zuwa Minanata. Na same ta zaune a ƙofar ɗaki, an yi mata kitso, ta sha kwalli. Tana ganin tsintsiya fuskarta ta washe.

Ta ce, "Baiwa, sai yanzu? Shara ta taru har ta kusa rufe ni."

Na ce, "Uwargijiyar da ba ta ciyar da bayi, wa ke sauri ya zo gidanta?"

Ta ce, "Share dai, bakinki ya fi hannunki aiki."

Na share. Ita da kanta ta shiga ta ɗauko tabarma. Abin da ta ci da safe ba ta sani ba, amma tsintsiya da tabarma suna nan a kanta daram. Muka zauna a ƙarƙashin rumfa. Na ɗaga kai na ga inda wuta ta lasa, an sa sabon kara an toshe. Ɗiyarta ta kawo mana ruwa ta koma ɗaki, ta saki labule. Ina ganin ƙafafunta a ƙasan labulen.

A ƙa'ida ita ke farawa, don ita ce babba. Ta gyara zama, ta yi bisimilla, ta ce, "Taki ta kasko, kin ce…"

Sai ta tsaya.

Ta dubi tafin hannunta. Ta dubi bango. Leɓenta na motsi, ba abin da ke fita. Wata kaza ta zo ta wuce ta gabanmu. Na jira, ban taimake ta ba, don a kan tabarmar nan ba a sa wa mutum magana a baki. Can ta ɗago ta dube ni, ta ce a hankali, "Baiwa, na yar."

Tun muna da goyo a baya take riƙe mini niyya, ba ta taɓa sauya ko kalma ba. Na ce, "Ba komi. Ni in faɗa miki, ke ki yanke." Na faɗa mata: na ce zan sami shaguna a bakin titi da za su riƙa karɓar maina kowane mako, na samu ɗaya, sauran sun ƙi. Na ce zan daina tsoma baki a rigimar ɗana da matarsa, na daina sai sau ɗaya.

Ta ɗan ɗaga haɓa irin yadda ta saba. Ta ce, "To, duka biyu da saura."

Na ce, "Na ji."

Sai ta ce, "Tawa fa? Mi na ce?"

Ta zuba mini ido. Ban taɓa ganin ta dubi mutum haka ba, ita da ko alƙali ba ta sunkuyar wa kai. Duk abin da na faɗa a lokacin nan shi ne zai zama abin da ta ce. Ƙaryar tana kan harshena, a shirye, har na ji ɗanɗanonta. Ƙafafun da ke ƙasan labule ba su motsa ba.

Na ce, "Ta zuciya, kin ce za ki tahi ƙauye ki kwana gidan ƙanenki. Kin tahi, kin kwana, kun ci tuwo akushi ɗaya. Ta cika."

Ta ce, "Na tahi?"

Na ce, "Kin tahi. Har zabi ya ba ki."

Ta yi murmushi. Ta ce, "Ta kasko fa?"

Na ce, "Kin ce za ki sayi babban kasko irin na masu biki, ki ninka suya, ki riƙa aikawa Kwalkwalawa."

Ta tafa hannu. "Awo! Babban kasko! Ta cika?"

Na ce, "Da saura."

Na ji an ja numfashi a bayan labule, ƙafafun nan suka juya suka shige ciki.

Taubashiyata ta miƙe wuya, ƙarfinta ya dawo. Ta ce, "To bana ita zan sake ɗaurawa. Babban kasko. Su ɓoye ƙaramin in sun ga dama, in ga inda za su ɓoye babba. Riƙe."

Na ce, "Ban karɓa ba."

Ta ce, "Mi?"

Na ce, "Ban karɓa ba. Ta fi ƙarfinki."

Ta ce, "Ƙarfina? Tashi mu kama kokawa, in ban kai ki ƙasa ba ki canza mini suna."

Ban yi dariya ba. Na jawo jakata na fito da zanen, na shimfiɗa shi tsakanina da ita. Na ce, "Kin san wanga?"

Ta ce, "Nawa ne. Ina ta nemansa." Ta kai hannu, yatsunta suka faɗa kan inda ya ƙone. Ta murza, baƙin ya manne mata. Ta ce, "Wa ya ƙona mini zane?"

Na ce, "Yana jikinki ya ƙone."

Na faɗa mata duka, yadda aka faɗa mini. Man da ke hayaƙi, da rumfar da wuta ta lasa, da ita a ɗaki tana ninke kaya. Na nuna mata sabon karan da ke bisa kanmu. Ban rage ba, ban ƙara ba.

Ta ce, "Ƙarya anka yi mini."

Ta dubi zanen, ta dubi rumfa. Sannan ta sa tafin hannunta a kan tabarma, ta shafa ta kamar mai neman allura. Ta ce, "A kan tabarma kike faɗa mini wagga magana?"

Na ce, "A kan tabarma."

Ba ta sake musu ba. Ba ta yi kuka ba. Da a ce na taɓa yi mata ƙarya ko sau ɗaya a wurin nan, da ba ni da abin da zan tsaya a kai ranar. Can ta ce, ba ta dube ni ba, "To in an raba ni da wuta, ni mi ce? In zauna ƙofar ɗaki in jira likkafani?"

A nan Allah ya buɗe mini baki. Na ce, "Saura tawa ta bana. Ba ki ji ba tukuna."

Ta ce, "Faɗi."

Na ce, "Zan kashe murhuna na Gidan Igwai. Zan kwaso aikina in dawo da shi nan gidan. Ni in tsaya bakin wuta, ke ki riƙa mulmula."

Ta juyo da sauri. Ta ce, "Ban karɓa ba."

Na ce, "Don mi?"

Ta ce, "Wagga ba niyya ba ce, tausayi ne. Ban lalace ba har baiwa ta ba ni sadaka."

Na ɗaga murya na kira ɗiyarta, na ce in akwai tunkuza a gidan ta kawo. Akwai, wadda uwar ta matse kafin a hana ta suya, tana rufe a ƙwarya. Yarinyar ta kawo, idonta jawur, ta ajiye ba ta dube ni ba. Na gutsura na sa a tafin hannu na fara murzawa. Yatsuna suka yi abin da suka saba yi mini a watannin nan. Abin ya fito da kai babba da wutsiya siririya, na zo lanƙwasa shi ya karye. Na sake, ya fito kamar curin laka. Na ajiye su a faifai a gabanta. Na ce, "Ga abin da nake sayarwa tun bazara. Masu saye sun fara tambayata ko jikokina ke yi."

Ta ɗauki ɗaya ta juya shi. Ta ce, "Wanga ƙuli-ƙuli ne ko kashin jaki?"

Sai ta fizge ƙwaryar. Ta gutsura, ta murza a tafi, ya fito dogo siriri sumul, ta haɗa bakinsa ya zama zobe. Ta ajiye, ta gutsuri wani. Ba ta ma duban hannun. Ɗaya bayan ɗaya, kowane kamar ɗan uwansa, har faifan ya cika ya rufe nawa guda biyun. Ni da ɗiyarta muna kallo.

Ta ce, "Dama can ba ki iya ba."

Na ce, "Dama can."

Ta share hannu a gwiwa. Ta ce, "Kuma in an bi gaskiya, ai baiwa ce ke tsayuwa bakin wuta. Ni ina ruwana da hayaƙi? Na daɗe ina yi miki aikinki. Na karɓa."

Na ce, "Taki fa?"

Ta ninke zanen nan da kanta, ta sa ƙonannen gefen a ciki. Ta ce, "Bana hannuna ba zai taɓa murhu ba. Riƙe."

Na ce, "Na karɓa."

Ta kama hannuna, yatsun nan nawa masu ƙagewa, ta riƙe su da ƙarfi. Ta ce, "Zan mance, baiwa. Gobe ma zan mance. Ki riƙa tuna mini. Kar ki gaji."

Na ce, "Ita ce tawa ta zuciya."

Ta ce, "Ta yi miki yawa. Amma na karɓa."

Da zan tafi ɗiyarta ta rako ni zaure. Ta ce, "Inna, da ta ƙi fa?" Na ce, "Da sai in zo in zauna kusa da ita kullum, ta zage ni in zage ta." Ta rungume ni tana kuka, ta ce in yafe mata. Na ce ba ta yi mini komai ba.

Ba zan ce abin ya zo da sauƙi ba. Masu sayena na Gidan Igwai da yawa sun koma wurin wasu. 'Ya'yana sun yi ta gunaguni, wai tsohuwa kamata tana hawan keke kullum safe da yamma, ga ruwa ga taɓo. Turmina ma sai da aka nemi mai amalanke ya kai shi. Babban kasko kuwa ba a saya ba, Kwalkwalawa ba ta ga ƙuli-ƙulinmu ba. Ƙaramin kaskonta aka fito da shi daga inda aka ɓoye, shi muke amfani da shi.

Kuma ta mance, kamar yadda ta faɗa. Akwai ranar da ina juya baya zan iske ta tsaye tana gyara itace. In kama hannunta in ce, "Uwargijiya, kin ɗaura niyya." Wata rana ta ce, "Haka ne?" ta koma ta zauna. Wata rana ta ce ni wace ce da zan hana ta murhunta a gidanta, ta zage ni tas, har ta taɓa maka mini muciya a hannu. Sai in ja ta inuwa, in sa mata ƙwaryar tunkuza a cinya. Da hannunta ya shiga ciki sai faɗan ya lafa. Akwai ranakun da na koma gida na ce gobe ba zan je ba. Gari na wayewa in ga na ɗaura gyale.

Shekaranjiya da hantsi ina suyar ƙuli-ƙuli, sai wata maƙwabciya ta leƙo sayen mai. Na tsaya ina ɗura mata, muna maganar tsadar gujiya, na shagala. Taubashiyata na can jikin bango, nesa da murhu, faifai a gabanta. Tun safe ba ta yi magana ba, ko gaisuwata ba ta amsa ba, ban ma tabbata ta gane ni ba ranar. Sai na ji muryarta, irin ta da, wadda ke kaiwa bakin titi.

"Ke baiwa! Kwashe, ya yi! Ba ki da hanci?"

Na saki kwalba na ruga. Na sa matsami na kwashe, ya yi ja daidai, da na ƙara jinkiri kaɗan da ya ƙone. Na waiwaya. Ta dafa ƙasa da hannu ɗaya, ta ɗaga gwiwa za ta tashi. Ta dubi wutar, ta dube ni. Ban ce mata komai ba.

Ta mayar da gwiwarta, ta gyara zama, ta jawo ƙwarya. Ta ce, "Kawo ɗaya in ɗanɗana, in ji ko kin ɓata mini aiki."

Na fifita shi ya huce, na kai mata har inda take.